Ranar da Aka Gano Man Fetur a Rijiyarmu

Har gobe ba na manta safiyar Litinin ɗin da aka kawo mana takarda ofis cewa an gano man fetur a ƙaramar hukumarmu. Lokacin ina duba-gari a Jibiya, a sashen kula da ruwan sha. Ga waɗanda ba su san aikin ba, mu ne masu zagaya rijiyoyi da burtsatse, mu ɗebi ruwa a kwalba, mu kai gwaji Katsina, mu dawo mu faɗa wa mutane abin da ba su son ji.

A shekarun da aka rufe boda ne, aka kuma hana sayar da mai a garuruwan bakin iyaka. Takardar ta fito ne daga mai unguwar wani ƙauye da ke gaba da Magama, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Shugaban sashenmu, Mista Yohanna, mutumin Kudancin Kaduna ne da ya daɗe a Jibiya har Katsinanci ya kama bakinsa. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Malam Sada, ɗauki kwalabenka ka je ka gano mana arzikin ƙasa."

Na iske ƙauyen kamar ranar kasuwa. An kewaye rijiyar da aka ce man na fitowa a cikinta da ƙaya, an sa mutum biyu gadi da sanduna. Wani ya tsoma tsumma a guga, ya ƙyasta ashana, wuta ta kama, jama'a suka ɗauki kabbara. A gaba-gaba akwai Alhaji Ɗanjuma, babban ɗan kasuwar hatsi, wanda sitonsa ke daf da rijiyar. Tuni an naɗa shi shugaban kwamitin mai.

Na yi aikina yadda doka ta ce: na ɗauraye kowace kwalba da ruwan da zan ɗiba, na cika, na toshe, na rubuta wuri da lokaci, na jera a akwatin ƙanƙara. Rijiyoyin da ke nesa ma na ɗiba, don a kwatanta. A can ƙarshen gari wata dattijuwa, Inna Tasalla, ta tare ni da tulu a ka.

"Ɗan nan, kai na malamin ruwa?"

Na ce ni ne, Inna.

"Tun kahin girbi muke hwaɗin ɗiyanmu na amai, jikinsu duk ƙuraje. Koko in mun dama, warin tashar mota shikai. Jikata guda tana kwance yanzu haka. Ba wanda ya leƙo mu. Yau an ce mai, ga motoci har da masu jiniya."

Ƙorafin nata kuwa ya daɗe da isowa ofishinmu, kuma na san fayil ɗin da yake kwance a ciki.

Bayan kwanaki sakamako ya fito. Fetur ne, babu shakka, amma tatacce, irin wanda ake zuba wa babur. Mista Yohanna ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Rijiyar da ke fitar da mai a tace, ai kamata ya yi a ba ta lambar yabo." Takardar ta kuma nuna cewa kowace rijiya, gwargwadon kusancinta da siton Alhaji, gwargwadon yawan man da ke cikinta.

Muka je muka same shi shi kaɗai. Da farko ya ce hatsi kawai yake ajiyewa. Mista Yohanna ya ce, "Alhaji, mu ba kwastan ba ne. Ruwa ya kawo mu." Sai Alhaji ya sa aka janye buhunan gero. A ƙarƙashinsu akwai murfin ƙarfe. Tsohon tankin mota ne ya binne, daga nan ake cika jarkoki, masu babura su bi ta daji su tsallaka da su Nijar. Tsatsa ta cinye gindin tankin.

Alhaji ya dafe kai. "Wallahi na daɗe ina ganin isansi, fetur ɗin nan, na raguwa. Mutum biyu na kora bisa zargin sata." Watau mutumin da ke jiran gwamnati ta zo haƙar mai, nasa ne yake tsiyaya, yana kuma shugabantar kwamitinsa.

Washegari na tara jama'a a ƙofar mai unguwa, na yi bayani dalla-dalla, ina jin kaina gwani. Na ce babu arzikin mai a nan, yoyo ne, kuma ruwan guba ne. Maganar farko kawai suka ji. Wasu suka ce gwamnati ce ta turo ni in ɓoye arzikin don a kwashe a asirce. Sauran suka ce tunda babu mai, gadin me ake yi? Kafin la'asar an kwashe ƙayar, guga ya koma rijiya. Sai a lokacin na gane cewa tsawon makonnin da ake gadin nan, ba wanda ya sha ruwan, yara har sun fara samun sauƙi. Jita-jita ta rufe rijiya, ni da takardar gwajina na buɗe ta.

Na koma ofis na rubuta takardar neman izinin rufewa. Ƙa'ida ita ce ta bi ta teburin shugaban sashe, ta je wa darakta, a kafa kwamiti. Ban jira ba, na koma wurin Inna Tasalla na gaya mata komai, har da kuskurena. Ta ce, "To, yanzu ka yi magana." Da hantsi matan ƙauyen suka fito da kwanuka da tasoshi, suka yi ta jido ƙasa da duwatsu suna zubawa. Mazan na tsaye suna cewa ba a shawarce su ba. Kafin azahar babu rijiya. Izinin rufewa ya iso bayan damina ta faɗi, na sa hannu na ajiye.

An tone tankin. Rahotonmu ya faɗi abin da muka gani ba ragi, amma ban ji an kira kowa ba. Alhaji ya haƙa burtsatse a gabashin gari, inda muka auna muka ce man bai kai ba. Ranar buɗewa aka kafa allo da sunansa, aka yi masa addu'a a matsayin wanda ya ceci ƙauye daga gurɓataccen ruwa. Ni ma na ce amin, domin ruwan na da kyau, ni na gwada shi. Jikar Inna Tasalla ta warke. Mutum biyun da aka kora kuwa, ba wanda ya ba su haƙuri.

Ku da kuke shigowa aikin nan, abin da na koya shi ne kwalba tana gaya maka abin da ke cikin ruwa, amma ba ta gaya maka abin da mutane za su yi idan sun ji. Kafin ku buɗe baki a gaban taro, ku tanadi inda za su sha gobe. Kuma duk ƙorafin da ya zo daga masu ɗibar ruwa, ku tashi ku je a ranar. Mu sai da aka ce akwai arziki muka sami man zuwa.