Tagwayen Sati Ashirin da Takwas

Ba na mantawa da ranar da aka kira ni ɗakin haihuwa don in yi tafinta. A 2021 ne, lokacin kullen korona, ina shekara ta biyu a horon ƙwarewa kan haihuwa a wani asibiti a Kuala Lumpur.

Matar sunanta Rabi, 'yar Zariya, mijinta ɗalibi ne, suna zaune a unguwar Taman Melati. Cikin tagwaye ne da ita, sati ashirin da takwas, naƙuda ta taso. Dokar korona ta hana mijin shiga, wayarsa kuma ta mutu yana bakin ƙofa. Ita ba ta jin Turanci sosai.

Ga waɗanda ba su sani ba: huhun jariri bai gama ƙwari ba a wannan lokaci, bai tara ruwan santsin da ke hana shi mannewa ba. Don haka ake yi wa uwa allura sau biyu, a yi ƙoƙarin jinkirta naƙuda kwana ɗaya ko biyu har maganin ya yi aiki. Tagwaye kuma sun fi ɗa ɗaya zuwa da wuri.

Babbar likitarmu ta ce mini, "Awa biyar tana ƙin allurar. Yi mata magana da yarenku mana."

Na zauna kusa da ita, fuskata cikin takunkumi, na yi sallama. Ta riƙe hannuna.

"Likita, allurar korona za su yi mini. An ce tana kashe ciki."

"Ba ita ba ce, 'yar'uwa. Wannan ta numfashin 'ya'yanki ce."

"Ai ba wanda ya faɗa mini haka."

An faɗa mata, amma ba ta ji ba. Nan take ta yarda.

Naƙudar ta ƙi tsayawa. Ta haihu kafin lokacin allura ta biyu. Hasana ta rayu. Husaini ya yi kwana shida a kan injin numfashi, ya koma.

Ranar da aka sallami Rabi, ta tambaye ni, "Da na yarda tun da safe, da ya rayu?"

Na ce, "Ban sani ba. Babu likitan da ya sani. Kin ƙi ne don kina kare su."

Ta ce Allah ya saka da alheri.

Ku da kuke tasowa, idan mara lafiya ta ƙi magani, kada ku yi saurin rubuta "ta ƙi" a fayil. Ku fara tambayar ta abin da take zaton za ku yi mata.