Matar da ta duba bakin Hajara

A barandar gidan shari'a na Zinder, wata mata tana zaune kusa da Fanta, mutuniyar Zermu da tsohon mijinta ya kawo ƙara kan riƙon 'yarsu Hajara. Matar doguwa ce, da lalle har wuyan hannu, tana magana a hankali kamar mai jinya. Fanta ta ɗauka ita ma jiran kira take. Wataƙila an taɓa raba ta da ɗa, shi ya sa ta iya rarrashi haka.

"Daina kuka, ƙanwata," in ji matar. Ta ɗora ƙaramar Hajara a cinya, ta ba ta dabino. "Buɗe baki in gani, 'yar Inna. Har kin yi famfara?"

Yarinyar ta washe giɓinta tana dariya.

Da aka kira su, matar ta riga su shiga, ta zauna gefen alƙali. Ashe ita ce ma'aikaciyar da aka ɗora wa bincike. Hajara ba ta da takardar haihuwa, kuma a al'ada mai shekara bakwai uba ake ba.

"Ta kai," in ji matar, ko kallon Fanta ba ta yi ba. "Na duba bakinta."

Hajara tana nan tana tsotsar ƙwallon dabinon.