Gaurakan da Lamboni Ya Ba Ni Aro

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar abokina Lamboni, kuma wannan ce damina ta farko da nake wayar gari a gidana na zangon Sokode ba tare da kukan gauraka ba. Tsakar gidan ta yi tsit. Sau biyu a makon nan na makara sallar asuba, don tsuntsun da ya saba tada ni kafin ladan ba ya nan. Ni na ɗauke shi da hannuna na kai shi arewa, kuma har yanzu da nake wannan rubutu ban san ko gyara na yi ko ƙarin ɓarna ba.

Lamboni ba mutumin da sunansa ya taɓa shiga jarida ba ne. Ɗan ƙabilar Moba ne, masunci, in rani ya yi kuma ya yanki ciyawar jinka ya sayar. Ya musulunta yana magidanci, aka raɗa masa Musa, amma ba wanda ya taɓa kiransa da shi. Ni kuwa mahauci ne ɗan mahauci. Fatauci ne ya kawo kakanninmu Sokode, mu muka tsaya a kan wuƙa. Sayen tumaki ke kai ni kasuwar Dapaong, a can na same shi a bayan tiren bandar kifi, tun ina sayen kifi har ya zama mai masaukina.

Asalin ƙauyensu yana bakin fadamar kogin Oti, inda ruwa kan malala da damina har ido ya gaji bai ga ƙarshensa ba. Da hukuma ta faɗaɗa gandun namun daji, sai aka ce ƙauyen ya faɗa ciki, aka tashe su. Ya bar bukkarsa da kabarin mahaifinsa ya dawo gefen Dapaong. A wancan zamani, in forestiye, wato masu gadin daji, suka kama ka da ƙugiyar kifi a ciki, ka shiga uku. Dabbobi dai sun sha daɗi. Da idona na ga giwaye suna tsallaka titi, direbanmu ya kashe mota muna jira kamar manya ne za su wuce. Lamboni kan ce, "Giwa tana da takardar zama, ni ne baƙo."

Daga baya ƙasa ta rikice, masu gadi suka watse, mutane suka kwarara cikin gandun kamar an ɓalle madatsar ruwa. Wasu gonakin iyayensu suka koma nema, wasu kuwa fushin shekaru suka je hucewa a kan dabba. Lamboni bai ɗauki bindiga ba. Fartanya ya ɗauka ya je ya share kabarin mahaifinsa. Da zai dawo, ya zo da ɗan tsuntsu a kwando.

A gidansu akwai wata al'ada da suke kira aro. In gauraki suka ƙyanƙyashe a cikin ciyawar fadama, mai gida kan ɗauki ɗa guda. Ba ya taɓa sheƙar da ɗa ɗaya ne a cikinta, ba ya kuma komawa sheƙa ɗaya shekara biyu a jere. Sai a rena ɗan a tsakar gida, yana cin fara da tsaba, yana kuka in baƙo ko maciji ya shigo. Gashin fiffike ɗaya kawai ake datsewa. Ran da tsohon gashi ya zube sabo ya fito, in 'yan'uwansa suka wuce ta sama suka yi kira, sai ya tashi abinsa. Ba a riƙe shi, ba a bin sa. Tun da aka kore su Lamboni bai sami yin wannan aro ba, kuma na farkon da ya yi bayan shekaru, ni ya ba.

Ya miƙo min kwandon ya ce, "Ɗan mahauci, ka gama ginin gida, ga mai gadi. Amma aro ne. Gashi za ka yanke, ban ce nama ba. Na san hannunku."

Na ce, "Kai dai kawo. Yau masunci ne zai koya wa mahauci wuƙa?"

Tsuntsun ya girma a Sokode, tukkunsa ya fito kamar an dasa masa zaren zinariya a ka. Alhazan unguwa suka riƙa tsayawa a ƙofa suna leƙe, ni kuma kaina yana ƙara girma. Wata safiya na lura gashin da na datse ya dawo. Ya buɗe fikafikai ya yi tsalle har ya kusa kai saman katanga, gabana ya faɗi. Ban yi dogon tunani ba, abin da hannuna ya sani shi ya yi. Mahauci in ya riƙe gaɓa, ya san daidai inda wuƙa ke shiga ba tare da ta taɓa ƙashi ba. Na cire ƙarshen fiffiken dama daga gaɓa, na shafa toka. Jini kaɗan ya zuba. Har alfahari na yi da tsabtar aikin.

Da ma a nan na tsaya. Alhazai suka fara roƙo, kowa yana son gauraka a tsakar gidansa, wanda ba zai gudu ba. Na san hanya, na san mafarauta. Su kuwa ba ruwansu da wani aro, sheƙa duka suke kwashewa, iyayen ma su ɗana musu tarko. Motar da ke kawo min tumaki ta sha zuwa da kwanduna a saman kaya, ni in gyara fiffike, a wuce da su Blitta da Kambole da inda ban ma sani ba. Nakan ce wa raina ai wasu giwa suka kashe, wasu dorina, ni tsuntsu kawai, kuma da ransa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, masu saye ma ai suna da nasu. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne, ban taɓa ganin gauraka ya yi ƙwai a tsakar gidan kowa ba. Duk wanda ya bi ta hannuna, a kansa zuriyarsa ta ƙare.

Lamboni ya zo Sokode sunan autana. Bayan an watse, ya tsuguna a tsakar gida ya yi wani sauti a maƙogwaro, tsuntsun ya tako ya zo wurinsa. Ya sa babban yatsa a ƙarƙashin fiffiken ya bi shi a hankali har inda ya ƙare. Ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe sai ya ce, "Sani, na ba ka aro, ka mai da shi gado." Bai ɗaga murya ba. Ya ci tuwon suna, ya sa wa jariri albarka, ya hau motar la'asar.

Bayan nan bai fasa saukar da ni ba, bai fasa tsokanata ba, amma bai ƙara kai ni fadama ba, kalmar gauraka kuma ba ta ƙara fitowa daga bakinsa ba. Na sha shirya ban haƙuri a cikin mota tun daga garin Mango, in na isa sai mu ɓige da zancen tsadar tumaki. Har aka bugo min waya aka ce ya rasu bayan gajeriyar jinya. Da na sani ƙeya ce, kullum a baya take.

Yau in ka bi ta gandun nan, shanu za ka gani, da auduga, da buhunan gawayi a bakin titi. Giwa ta zama labarin da jikokina ke ɗauka tatsuniya ce. Na ji a rediyo ana ƙoƙarin farfaɗo da wurin, ana zama da mutanen ƙauyuka, an kuma ambaci gauraka cikin tsuntsayen da suka yi wuyar gani. Na dubi nawa, ya tsufa, tukkun ya koɗe. Mai ɗakina ta ce, "Tsofaffi biyu masu fushi a gida ɗaya sun yi yawa, ka rage mana ɗaya." Wasa take yi, amma a ranar na sa aka nemo kwando.

A Dapaong na fara zuwa ofishin masu kula da daji. Ma'aikacin da na samu mutum ne mai ladabi, ya ba ni kujera, ya duba fiffiken. Ya ce, "Alhaji, a doka ajiye shi laifi ne. In an sake shi kuma, dila ko kare zai gama da shi cikin kwana biyu. Mu kuma ba mu da wurin da za mu sa shi." Na ce to yaya ke nan, in ajiye laifi, in saki kisa? Ya yi murmushi ya ce in da gaske ina son taimako, in faɗa musu inda gauraki ke yin sheƙa a da, don irin wuraren suke nema su kafa alama, a daina noma a kewayensu. Ya rubuta min lambarsa a takarda. Na ce sai na tuna.

Daga nan na hau babur zuwa wurin Azara, 'yar Lamboni. Ita ta koma tsohon ƙauyen, mijinta ya rasu, shinkafar da take nomawa a fadama ita ke riƙe da 'ya'yanta. Ta rusuna ta gaishe ni, ta kawo ruwa, na kwashe labarin ofis na faɗa mata. Ta dubi kwandon, ta dube ni.

"Baba, tsuntsu ka kawo min, ko takardar kora?"

Na ce ai yanzu an ce ba a korar kowa, shawara ake yi. Ta ce, "Haka aka ce wa babana." Sannan ta sassauta murya ta faɗa min abin da ba ta faɗa wa kowa ba: damina biyu ke nan wasu gauraki biyu suna zuwa yin sheƙa a ƙarshen gonarta, daidai inda mahaifinta ya ɗauko nawa. "'Yan banza, shinkafata suke ci, kullum ina buga musu gwangwani," in ji ta. Da muka zaga gonar, na ga ta bar wani yanki mai faɗi ciyawa ta rufe shi. Na tambaya, ta ce wurin ya cika ruwa, shanun huɗa ba sa iya shiga. Na tuɓe takalmi na taka. Ruwan bai kai idon sawu ba, ƙasar kuma baƙa wuluk, ta fi ko'ina kyau a gonar. Na mayar da takalmina muka juya gida.

To a nan kaina ya ɗaure, ya masu karatu. In na buga lambar ma'aikacin nan, wataƙila a kafa alama, gauraki su tsira, 'yar abokina ta rasa gonar da take ci da marayu, tarihin ubanta ya maimaita a kanta, kuma ni ne sila. In na yi shiru, ba abin da ke tsakanin sheƙar nan da tarko sai ɗan yankin ciyawar Azara, alhali masu irin halina na da ba su ƙare ba. Ko sati ban yi da dawowa ba wani ya tare ni a ƙofar masallaci yana tambaya ko sabo na je ɗaukowa. Gaba kura, baya siyaki.

Nakan zauna in tambayi Lamboni a raina, sai ya amsa min da baki biyu. Akwai Lambonin da aka hana shi kabarin mahaifinsa saboda giwa, wannan zai ce in yaga takardar. Akwai kuma wanda ya tsuguna yana shafa guntun fiffike, wannan ban san abin da zai ce ba in ya ga fadamar da ta taɓa cika da kuka ta koma tsuntsu biyu. Masu gadin da na tsana, a zamaninsu dabba ta rayu mutum ya wahala. Da suka tafi, mu muka ci abin da ya rage. Karatuna bai kai in raba wannan gardama ba, kuma na ga masu karatun ma suna ta taro a kanta.

Abin da na iya ganewa kaɗan ne. Lamboni bai bar gadon gida ba, bai bar na shanu ba, al'adar aron ma ta mutu, don ba sauran sheƙar da za a ara. Amma wani abu nasa yana nan a cikin ciyawar da 'yarsa ta ƙi nomewa, tana zagin tsuntsaye tana bar musu ƙasarta mafi kyau, ba doka ba alama. Ban san da wane suna masana ke kiran wannan ba. Na san dai ni ban da shi a lokacin da nake da ƙarfi.

Azara ta karɓi tsohon tsuntsun, yana tsakar gidanta. Shekaranjiya ta bugo min waya ta ce da sassafe ya yi kuka, aka amsa masa daga fadama. Ya buɗe fiffike ɗaya da rabi ya ruga a guje har ya bugi danga, ya koma ya sake. Na ce, "'Yata, murna yake yi ko kuka?" Ta ce, "Baba, ni zan tambaye ka, kai ka zauna da shi."

Takardar ma'aikacin ta yi makonni a aljihuna. Jiya na sa ta a ambulan na ba direban Dapaong ya kai wa Azara, ta buga ko ta ƙona, gonarta ce da gadon ubanta. Wataƙila tsoro ne ya sa na ture mata nauyin, ban musa ba. Amma sirrin sheƙar nan aro ta ba ni, shi ya sa ba ku ga sunan ƙauyen a rubutun nan ba. An taɓa ba ni aro daga gidansu na sa masa wuƙa. Allah ya jiƙan Lamboni, wannan karon na mayar yadda na karɓa.