Ya Mai Jiki?

Shekara ashirin da shida maigidana yana gyaran keken ɗinki a wata rumfa ƙarƙashin bene, kusa da masu sayar da zare. Injiniya suke ce masa. Da kunne yake gane ciwon keke. Tela ya taka sau biyu, sai Injiniya ya ce, "Tsaya, bel ne ya saki." Amma nasa ciwon, wata takwas yana ɓoye mini shi cikin singileti.

Wajen wanki na gano. Tabon jini a gefen hagu, kullum wuri ɗaya. Da na tsare shi ya ce ƙurji ne. Ƙurji a kan nono, mai tauri kamar tsakuwa? Na ce, "Malam, gobe asibiti. Ko ka tafi da ƙafarka, ko in kira yayanka."

Likitan farko ya taɓa wurin, ya tura mu sashen masu ciwon nono. Kai, barandar nan! Dogayen bencina biyu cike da mata, can ƙarshe kusa da famfo ga wani guntun benci na mazan da suka rako matansu. Malam ya miƙo mini katinsa, ya wuce can ya zauna.

Akwai wata dattijuwa mai shara a wurin, mai fara'a da kowa. Ta zo da tsintsiyarta ta ce masa, "Sannu Alhaji, ya mai jiki?"

Da kunnena na ji ya ce, "Da sauƙi."

Sauran mazan suka ce Allah ya ba ta lafiya. Ya ce amin.

Shi ke nan fa, na zama mai jiki. Nas ta kira lambarmu, na waiwaya, babu shi a benci. Na shiga ni kaɗai ina kame-kame, ta ce, "Hajiya, ai ba a duba miji a jikin matarsa." Sau huɗu muna haka. Ya sa hularsa ya biyo ni, a gaishe shi da mai jiki, ya amsa, ya sulale. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi lallashi, har bakina ya gaji.

"Ke ba za ki gane ba," ya ce. "Na riga na amsa musu. Yanzu kuma in miƙe a gabansu in shiga ɗakin mata?"

Wallahi a ranar na ji haushinsa fiye da tausayinsa.

Sai da hannunsa na hagu ya kumbura, sukudireba ta fara suɓuce masa, sannan aka kwantar da shi a ɗakin maza, can wani gini daban. Likita ta daɗe tana kallon hoton ƙirjinsa. Ta tambaye ni me ya hana mu zuwa da wuri. Wata uku ya ƙara a duniya.

Bayan na fita takaba na koma asibitin mayar da keken marasa lafiya da muka ara. Hanya ta bi da ni ta barandar nan. Mai shara ta hango ni, ta jingine tsintsiya tana murna.

"Ashe jiki ya yi kyau! Alhamdulillahi. 'Yar nan, ki riƙe mijin nan naki, ba kowane namiji ke zaman benci saboda matarsa ba. Ki gaishe min da shi."

Na dubi guntun bencin. Maza uku ne a kai, duk suna kallona.

Na ce, "Zai ji."