Siririn Bututun Ɗakin Ƙurya

In dai ina numfashi, ba zan manta da sanyin shekarar da aka haifi jikata ta uku ba. Mutane suna jin Madina sai su tuna da zafi. To sanyinta, jama'a, ba ya sallama.

A unguwar Ranuna muke zaune. Babban ɗana mai gyaran famfo ne, sabbak inji Larabawa. Ya ce ya gaji da ganina rungume da kaskon gawayi, zai haɗa mana ɗumi irin na gidajen da yake wa aiki: tukunya tana dafa ruwa, bututu yana kai shi cikin ƙarafuna a bangon kowane ɗaki.

Bututun iri biyu ya kawo, wani kaurin rake, wani kaurin yatsana. Mai kaurin ya ja shi majalisa, ɗakin baƙi, da yake kusa da tukunyar. Siririn ya ja shi, lanƙwasa bayan lanƙwasa, har ƙurya.

Na ce, “Ɗan nan, wannan tsinken zai kai?”

Ya ce, “Inna, baƙo ake fara karramawa. Ƙurya ai tarkace ne a ciki.”

Haka muka tashi, mai kyau na baƙo ne.

Sai ga matar ɗan nawa ta haihu tun lokaci bai yi ba. Bakwaini, 'yar mitsitsiya kamar ɗan tsako. Da aka sallamo su daga asibiti, likita ya ce abu guda: kada sanyi ya taɓa ta. Mu kuwa maijego a ƙurya take kwana, nesa da idon maza. Aka kwashe tarkace, aka shimfiɗa.

Da hantsi na shiga. Na taɓa ƙarfen bango, sanyi ƙalau. Na taɓa ƙafar yarinya, ta fi shi. Ko kuka ba ta yi, nono ma ta saki.

Uwar ta ce, “Inna, ta mutu ne?”

Na ce, “Rufe min baki!”

Ɗana ya ƙure wutar tukunya. Majalisa ta yi zafi har 'yan barka suna cire jaket, ƙurya ko gezau. Ya ce ruwan ba ya samun hanya, kafin ya iso ya huce.

Na cusa yarinya cikin rigata, fata da fata, na tsaya ƙofar majalisa na ce, “Alhazai, ku yi haƙuri, ku tashi.”

Wani dattijo ɗan Cadi ya ce, “Hajiya, maijego a ɗakin maza?”

Na ce, “Yau dai kai ne maijegon, ga ƙurya can.”

Suka fita suna dariya, ni ban yi ba. Na shiga, ina zaune jikin ƙarfen majalisar ina salati, ina salati, har na ji motsi a ƙirjina, sai ta tsanyara kuka. Ban taɓa jin kuka mai daɗinsa ba.

Kafin suna ɗana ya fasa bango ya sa mai kaurin rake har ƙurya. Yarinyar nan yanzu in na yi mata Hausa da Larabci take amsa mini.

Abin da na koya ke nan: in za ka raba ɗumi a gida, fara da wanda ya fi nisa da wuta. Shi ake buɗe wa babbar hanya. Baƙo da rigarsa ya zo.