Zanen Fensir a Bayan Kati

Ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba a duk zaman da na yi a Dubai ita ce Talatar da na goge abin da ba ni da ikon gogewa. Na rubuta wannan ne domin ku da kuka shigo aikin bayana, kuma ina so ku karanta shi a tsanake.

Kafin in zo nan, na yi shekaru masu yawa ina ɗinkin littattafai a wata maɗaba'ar mishan a gida. Can aka koya mini cewa takarda mai datti abin kunya ce ga wanda ya riƙe ta. Da na yi ritaya, sai na samu aiki a wani ƙaramin kamfani a unguwar Deira mai adana tsofaffin takardu: kan sarki, taswira, da katunan 'yan wasa. Muƙamina shi ne babban mai duba kaya, manaja kaɗai ke sama da ni.

Ga wanda bai sani ba, besbol wasa ne na Amurkawa da ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda. A da can, ana buga hoton ɗan wasa a ɗan kati, a sa a cikin kwalin cingam, yara su tara. A bayan katin akwai garin da aka haife shi da wasannin da ya yi. Kaɗan ne daga cikinsu suka yi suna. Yawancin katunan da ke bi ta teburina na mutanen da ba wanda ya san su ne, waɗanda suka yi shekaru a ƙananan ƙungiyoyi suna yawo gari-gari a bas, aka kira su babbar gasa na ɗan lokaci, sannan aka sallame su.

Ƙa'idarmu uku ce. A cika fom da sunan mai kaya. A ɗauki hoton kati gaba da baya. Kada a taɓa komai sai mai kaya ya sa hannu a kan abin da za a yi.

A safiyar Talatar nan Alhaji Sani ya shigo, ɗan kasuwa ne daga Kano mai tura kaya gida, mun saba tun da daɗewa. Ya ajiye ambulan a gabana.

"Baba Malam, Baturen mishan! Yau na kawo maka aikin da ya dace da ƙa'idarka."

"Alhaji, a fara da gaisuwa tukuna."

"To, ina kwana, ya iyali, halas, an gama gaisuwa. Duba wannan."

Kati ne guda, ya ɗan yi ja don tsufa. Hoton wani baƙar fata ne a tsugune, da ƙatuwar safar fata a hannu, irin masu tare ƙwallo a bayan mai bugu. Ba zan faɗi sunansa ba, domin iyalinsa ba su ba ni izini ba. Alhaji ya ce kakan matarsa ne, Hajiya Maryam, Ba'amurkiya ce da ke koyarwa a nan. Ya ɗauko katin daga akwatinta ba ta sani ba, yana so a sa shi a firem ya ba ta mamaki.

"A gyara shi tsaf, ya fito kamar jiya aka buga shi. Yalla, yi sauri, ina da kaya a unguwar Warsan."

Na cika fom da sunan Alhaji, ya sa hannu yana tsaye, ya fita. A nan na yi kuskure na farko, domin shi da bakinsa ya gaya mini katin ba nasa ba ne.

Da na juya bayan katin, na ga wasu gajerun zane na fensir a gefe, a jere kamar haƙoran mataji. Na ga irinsu sau da yawa, kuma kullum aikin yara ne. Na ɗauki hoto, na sa safar hannu, na ɗauko kilina mai laushi ta goge fensir, na goge su ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na ɗaga ko gashin takardar ba. Aiki ne mai kyau, kuma na yi alfahari da shi.

Da la'asar Alhaji ya dawo. Ya ce a hanya ya ɗan bugi cikin Hajiya a waya game da kakan, ta ba shi labarin da bai taɓa ji ba. Mutumin ya yi kusan duk ƙuruciyarsa a ƙananan ƙungiyoyi. Shekara guda tak aka kira shi babbar gasa, kuma a farkon shekarar aka buga wannan kati. Yawancin ranaku a benci yake zaune. Duk ranar da aka sa shi a fili, sai ya ja zane ɗaya a bayan katin da ke aljihunsa. Daga baya ya karye a yatsa, aka mayar da shi ƙananan ƙungiyoyi, ya ƙare yana aiki a tashar jirgin ƙasa. Ba a sake buga masa wani kati ba.

"Ta ce zanen nan goma sha ɗaya su ne duk abin da ya bar musu da hannunsa. A tabbata sun fito a firem."

Na miƙa masa katin. Ya juya shi, ya daɗe yana kallo.

"Inna lillahi. Baba Malam, ka kashe ni."

"Ni na yi, Alhaji. Ba kai ba."

Ya jawo kujera ya rage murya. "Kana da hoto, ko? Ga fensir nan a kunnenka. Hannunka ya fi na inji. Ka mayar da su, habibi, wa zai sani? Ni da kai da Allah."

"Ka lissafa uku, kuma na ukun ya isa."

Gaskiya ita ce zan iya. Minti biyar ya ishe ni, kuma Hajiya za ta rataye firem ɗin tana nuna wa 'ya'yanta zanen da na yi a matsayin na kakansu. Na ajiye fensirin a aljihun tebur, na je na gaya wa manaja. Ya cire ni daga teburin gyara har wata uku, ya ce sauran hukunci yana hannun mai kaya.

Washegari Hajiya Maryam ta zo tare da mijinta. Tana jin Hausa, ko da yake a hankali take yin ta. Na miƙe tsaye na faɗa mata abin da na yi, ban rage komai ba. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Na ɗauka na san abin da nake gani, Hajiya."

Na rufe labulen taga, na kwantar da katin, na haska shi da ƙaramar fitila daga gefe. Baƙin fensir ya tafi, amma mutumin yana danna hannu in yana rubutu, sawun ya zauna a jikin takardar. Ta sunkuya da gilashin ƙara girma tana ƙirgawa a hankali har ta kai goma sha ɗaya. Ta tsaya a kan na ƙarshe, wanda ya karkace, ta ce wataƙila ranar ce yatsan ya karye.

Ta ƙi firem. Ta ce a sa katin a leda mai kariya, a haɗa da hoton da na ɗauka da takardar bayani. Na rubuta cewa ni na goge zanen bisa kuskure, na sa hannu. Ta karanta, ta mayar mini.

"Ka fara da sunanka. Sake rubutawa. Sunansa a sama, da aikin da ya yi. Naka a ƙasa."

Na sake rubutawa. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma kai ƙara ba. Alhaji ya yi wata biyu bai leƙo ni ba, kuma da ya dawo bai ƙara kirana Baturen mishan ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Sa hannun wanda ya kawo kaya ba ya maye gurbin sa hannun mai kaya. Sannan fitaccen ɗan wasa yana da littattafai da za su tuna da shi, amma wanda ya yi wasa goma sha ɗaya ba shi da komai sai abin da ke kan teburinku. Shi ya sa kilina take a kulle a ofishin manaja, kuma ni ma, da furfurata, sai na cika fom kafin a ba ni.