Notin da ya ƙi kwancuwa a Saulawa

Mun tashi daga Kudan ana idar da sallar asuba, ni da wani abokina mai ɗan hannu a gyaran mota, jakar sifanu a cinyarsa, ni kuma zargi fal cikina. Tsohuwar motata za mu ɗauko a Saulawa, wadda na bar wa ɗan baffana, da muke kira Yaya, amana lokacin da neman abinci ya kai ni Kudu. Da na dawo sai wani ya raɗa mini cewa Yaya ya cire sababbin shokozoban da na sa wa ƙafafunta ya mayar da ruɓaɓɓu. Ban tambayi kowa ba, na yarda.

Hanyar Makarfi duk rake ne hagu da dama. A tasha muka karya da waina, muka sayi mazarƙwaila da ta yi tsada har na fara hararar mai tallar. Ranar kowa ɓarawo ne a idona. Daga Ikara muka hau babur, ɗan acaɓan yana bin ramuka kamar ya yi musu alkawari.

Yaya ya tarbe mu da fura, muka yi doguwar gaisuwa. Yana tambayar iyali, ni ina leƙen motar da ke ƙarƙashin rumfar kara. Da muka je, sai na ga ta karkace gefe guda. Na ce a raina, to ga shaida.

Abokina ya ɗaga ta da jak, ya cire taya, ya ɗora sifana a notin shokozoba. Ko gezau. Muka zuba kananzir muka jira, shiru. Muka zuba man birki. Muka zura bututun ƙarfe a sifanar don ƙarin ƙarfi, na hau kai da ƙafa, sifanar ta zame na zube a ƙasa, wani tsoho da ke wucewa ya yi mini sannu yana danne dariya. Yaya da kansa ya kawo garwashi a kasko aka gasa notin, aka bi shi da guduma. Har wannan taimakon sai da na zarga, na ce so yake ya ɓata shaida.

Bayan azahar notin ya yi ƙara ya tsinke. Abokina ya juya guntun a tafin hannunsa, ya kankare tsatsar da farce.

"Wannan tun ranar da aka ɗaure shi ba wanda ya taɓa shi," in ji shi. "Shokozoban da ka sa ne. Me kuke ajiyewa a nan?"

Takin zamani ne. Duk damina Yaya yakan tura buhunan ƙarƙashin motar don kada ruwa ya taɓa su, gishirin takin kuwa ya yi ta cin ƙarfen ƙafafunta a hankali. Kunya ta rufe ni, na shiga yabon furar da na sha tun safe.

Yaya ya kwashe kaskonsa, ya ce, "Ai na san abin da ya kawo ka. Wanda ya gaya maka, ni ma ya zo ya gaya mini ka yarda. Takin laifina ne, ka yafe."

Na ce, "Haba Yaya."

Da la'asar muka ɗaura wani shokozoba na hannu da abokina ya samo a Ikara, motar ta tashi. A gidanmu baƙo ko na kwana ɗaya ne sai an taka masa har bakin hanya. Yaya ya tsaya a ƙofar zaure, ya ɗaga hannu, ya koma ciki.

Mun iso Kudan lafiya, motar ba ta ko yi tari ba. Abin da na koyo shi ne tsatsa ba ta shiga zumunci sai ta bakin wani, kuma ni na buɗe mata kunne. Tun da na dawo nake kiran wayar Yaya. Yana ɗauka, yana amsa gaisuwa yadda ya kamata, sai ya ce, "To madalla, a gaida gida."